Arba'in da Bakwai

Da tsinken tsire Malam Mikail ya rubuta lambobin a ƙasa, a ƙofar shagon Gwadabe tela: ashirin da uku a nan, ashirin da huɗu a can. Ya ja layi a ƙarƙashinsu kamar yadda yake yi a allon aji, mutanen majalisar suka sunkuyo suna kallo.

Bayan la'asar ne, a unguwar Koki, ba a daɗe da soja suka miƙa mulki ba. A kwanakin nan bakin kowa ya buɗe. Mutanen da suka yi shekaru suna waige-waige kafin su ambaci sunan gwamna, yanzu daga kan benci suke naɗa ministoci suna saukewa. Shi Malam Mikail, mai koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Gwale, dama can ba ya jiran canjin gwamnati kafin ya yi magana. Mutumin kirki ne, mai zumunci, amma idan aka yi masa tambaya a gaban jama'a sai ka ga har wuyansa ya ƙara tsawo.

Wucewar Gali ce ta jawo lissafin. Gali ma'aikacin gidan namun daji ne, mijin Luba 'yar kawun Malam Mikail. Ya zo wucewa da ɗan biri a kafaɗa, irin wanda ake kira cimfanzi, baƙi, marar wutsiya, mai kunnuwa da tafin hannu kamar na mutum. Uwarsa ce ta mutu ta bar shi yana shan nono, aka rasa mai kula da shi, aka ba Gali ya zo da shi gida ya raina. Da yake lokacin zaɓe ya iso, ga ci ga barci, ba ya aikin fari balle na baƙi, sai unguwa ta raɗa masa suna Sanata.

Gwadabe ya tsayar da keken ɗinkinsa ya bi su da kallo har suka sha kwana. Sannan ya ce, "Malam, don Allah in tambaye ka. Ka dubi hannun halittar nan, ka dubi yadda yake kallon mutum. Wai da za a haɗa irinsa da ɗan Adam, za a iya samun haihuwa?"

Wani dattijo ya ce, "A'uzu billahi. Gwadabe, ka rasa abin tambaya."

Da Malam Mikail ya bi bayan dattijon ya ce a'a, da an yi dariya an koma kan ministoci. To amma a'a ta yi wa mai digiri gajarta. Ya gyara zama.

"A jikin kowace halitta," in ji shi, "akwai wasu 'yan ƙunshe-ƙunshe da ido ba ya gani, ana ce musu kuromosom. A cikinsu gado yake, kamanni da launi da tsawo, komai da komai. Mutum yana da arba'in da shida, rabi daga uwa, rabi daga uba. Wannan birin yana da arba'in da takwas."

"To ai ba su zo ɗaya ba."

"Doki da jaki ma ba su zo ɗaya ba. Doki sittin da huɗu, jaki sittin da biyu, amma ga alfadari nan yana yawo da sittin da uku." A nan ne ya ɗauki tsinken ya rubuta rabin mutum da rabin biri. "Ba a taɓa gani ba, ni ma ban ce an yi ba. Amma da za a yi, abin da za a haifa da arba'in da bakwai zai zo."

Ya rubuta lambar a ƙarƙashin layin, ya yar da tsinken, ya karkaɗe hannu. Ya ji daɗin shirun da aka yi. Gwadabe ya maimaita lambar a hankali, yana jinjina kai. Da aka kira magariba kowa ya tashi, aka bi ta kan rubutun da takalma aka nufi masallaci.

Luba ta haura shekara goma sha biyar a ɗakin Gali ba ta taɓa ko ɓari ba. Ta sha saiwoyi, ta sha rubutu, ta sha habaici. Da aka kawo Sanata ita ta karɓe shi. Ita ke dama masa madara ta ba shi a kwalba, ita ke yi masa wanka, har goya shi take tana daka. Matan maƙwabta suna leƙowa su yi dariya, ita ma ta taya su. A cikin wannan rainon Allah ya ba ta ciki.

Ita da Malam Mikail taubasai ne, tun suna yara kowa ke kiran ɗan uwansa bawa. Ba su taɓa gaisuwar arziki ba, sai an fara da zagi. Ranar da ya je yi mata murna ya same ta a tsakar gida, Sanata ya maƙale mata a wuya.

"Luba, ki rage kallon ɗan nan naki, kar ki haifo mana ƙaninsa."

"Ko na haifo ai zai fi ka kyau, Bokoko. Bawan gidanmu kawai."

Suka yi dariya har tana riƙe ciki. Surukarta Hajiya Uwani, mahaifiyar Gali, tana gefe tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

Kafin cikin ya tsufa Sanata ya fara cin ayaba da kansa, aka mayar da shi gidan namun daji. Luba ta tafi gidan mahaifiyarta, Inna 'Yardada, a ɗaya gefen unguwar, don haihuwar fari a gida ake yi, a yi wankan jego, sai an yi arba'in dangin miji su aiko a mayar da mai jego ɗakinta. Ta haifi mace. Aka sa mata Ikram.

Ranar suna, bayan an raba goro an watse, Malam Mikail ya shiga ganin jaririya. Luba ta miƙo masa ita tana cewa ya wanke hannu tukuna, kar ya shafa mata alli. Ya karɓa yana dariya, ya buɗe zanen, sai dariyar ta tsaya. Idanun sun ɗan ja sama. Karan hancin a kwance. Ɗan harshen a waje, jikin kuma laushi tiɓis. Ya buɗe tafin hannunta ya ga layi ɗaya ya ratsa daga gefe zuwa gefe. Ya san wannan hoton, yana cikin littafin da yake koyar da 'yan aji shida.

"Masha Allah," ya ce, ya mayar mata da sauri.

A ranar ya kamata ya ja Gali gefe ya yi masa bayani a tsanake, ya gaya masa sunan abin da abin da za a yi. Amma mutumin da ba ya iya barin tambayar tela ta wuce, ranar sai ya zama mai kawaici. Ya ce wa kansa ba huruminsa ba ne, aikin likita ne. Ya ci tuwon suna ya tafi gida.

Jaririyar ba ta kama nono sosai ba, aka kai ta asibiti. Da yamma Gali ya biyo ta majalisa jikinsa a sanyaye, aka tambaye shi mai jiki. Gali ba mai yawan magana ba ne, kuma bai ji lissafin da aka yi a bayansa ba. Ya faɗi abin da ya riƙe daga bakin likita, da zuciya ɗaya.

"Ya ce lalura ce da ake haifar wasu yara da ita. Wai wani abu ne da kowa ke da arba'in da shida, ita nata arba'in da bakwai ne."

Keken Gwadabe ya tsaya. Mutanen benci suka dubi juna har Gali ya wuce.

Malam Mikail shi ne kusan na ƙarshe da ya ji. Matarsa Nana Hadiza ce ta ajiye masa abincin rana, ta ƙi tashi, ta zauna tana kallonsa.

"Malam, me ka faɗa a shagon Gwadabe a kan Luba?"

"A kan Luba? Ni?"

"Yau a gidan kitso aka yi zancen. An ce 'yar ba ta Gali ba ce. An ce shekara goma sha biyar ba haihuwa, sai da biri ya shigo gidan. Kuma an ce kai ka gano, tun kafin a haife ta ka faɗi lambar, likita ya zo ya tabbatar." Ta sauke murya. "Na ce ƙarya ne, mijina ba zai faɗa ba. Ka faɗa?"

Lomar da ke hannunsa ta koma kwano. Ya so ya ce bai faɗa ba, kuma da gaskiyarsa, ko sunan Luba bai ambata ba. Amma ya ga tsinken, ya ga layin, ya ga yadda ya karkaɗe hannu. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

"Ba haka na faɗa ba," ya ce.

"To arba'in ta wuce fa. Hajiya Uwani ba ta aiko ba."

Wannan shi ne abin da ya hana shi sakat. Inna 'Yardada ta gama haɗa gara, an yi dubulan, an yi alkaki, an jera a ɗaki. Ga azumi ya ƙarato. Kowace yamma ana share tsakar gida ana jiran sallamar matan gidan miji, ba ko ɗan aike. Ba a ce an saki Luba ba, ba a kuma ce ta dawo ba, kuma kowa a Koki ya san abin da irin wannan shirun ke zama idan ya daɗe.

Sai da ya yi kwanaki yana kewaye lungun gidan kawunsa kafin ya iya shiga. Ya sami Luba a ɗaki, ta rame, tana ɗiga wa Ikram nono da cokali. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran ta ce bawan gidansu ya zo.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce. "Ina wuni."

"Lafiya lau. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Mun gode."

Ta tura masa tabarma da hannu ɗaya, kamar yadda ake yi wa baƙo. Ya zauna ya kasa haɗa ido da ita. Ashe ta ji. Ya yi ta juya maganar a baki, daga ƙarshe ya tambayi ko suna da isasshen itacen wanka, ya yi sallama ya fita.

Daga nan majalisa ya nufa, da niyyar ya wanke abin tas. Benci a cike. Ya ƙi zama.

"Gwadabe, wace magana ce nake ji ana yaɗawa da sunana?"

Gwadabe ya cire zare daga baki. "Malam, ni wallahi ban ƙara ko wasali ba. Kai ka yi lissafi, Gali ya zo da lambar likita, ta zo daidai. Ni dai cewa na yi ikon Allah."

"Ba abu ɗaya ba ne. Lambar ce kawai ta zo ɗaya. Na yarinyar nan duk na ɗan Adam ne, ɗaya ne ya maimaitu. Kuma ku ji tsoron Allah, birin nan jariri ne, a kwalba yake shan madara."

"To wa ya san shekarun biri?" wani ya faɗa daga ƙarshen benci. Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Dattijon nan da ya yi a'uziyya tun farko ya ɗaga hannu aka yi shiru. So yake ya taimake shi. "Malam, ka taƙaita mana. Abin da ka faɗa ran nan, ƙarya ne ko gaskiya? Ka ce ƙarya ne, kowa ya huta."

Ga ƙofa an buɗe masa. Kalma ɗaya ce. Amma a gabansa akwai iyayen ɗalibansa, akwai waɗanda ke kawo masa takardar asibiti ya karanta musu. Kuma lambobin ai ba ƙarya ba ne, suna cikin littafi.

"Ba ƙarya ba ne," ya ce, "amma..."

Ya yi bayani mai tsawo bayan wannan amma ɗin, mai kyau kuwa, da a aji ne da an tafa masa. Sai dai tun a kalmomin farko ya ga Gwadabe ya dubi na kusa da shi. Kafin isha'i labari ya zaga cewa an tambayi Malam a gaban jama'a, ya ce ba ƙarya ba ne.

Washegari bai iya koyarwa ba. Ya ba 'yan aji aikin kwafa, ya zauna yana kallon taga. Ya tsani muryarsa. Ya tuna Luba tana yarinya, ranar da ta ɗauki laifin tulun da ya fasa ta sha duka a madadinsa, ta fito tana yi masa gwalo. Da aka tashi bai biya gida ba, ya wuce gidan su Gali.

Ya tarar da Gali a zaure, yana shirin fita. Suka gaisa a tsaye.

"Ni ban taɓa zarginta ba, Malam," in ji Gali, tun kafin a tambaye shi. "'Yata ce. Kullum da asuba sai na biya na gan ta. Amma Hajiya ta ce in na dawo da ita ba da yawunta ba, to in nemi wata uwar. Na rasa yadda zan yi." Ya dube shi, ba fushi a idonsa, abin da ya fi yi wa Malam Mikail ciwo ke nan. "Hajiya tana ciki."

Hajiya Uwani tana zaune a kan darduma a ɗakinta, bayanta jeren kwanuka ne har rufi. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa ba yabo ba fallasa, ta bar shi a durƙushe na ɗan lokaci kafin ta ce ya zauna.

"Hajiya, a kan maganar Luba na zo."

"Na sani. Na zaci ma za ka riga haka zuwa." Ta ajiye carbi. "Bari ka ji, Mika'ilu. Ni ban ce jikata 'yar dabba ce ba, bakina ba zai iya ba. Amma na shiga gidan biki mata sun yi tsit. Da wani ne ya faɗa, da ni zan fara tsinka masa mari. Sai aka ce ɗan uwanta ne, wanda ya karanci abin. A tsakar gidan nan da kunnena na ji ka ce kar ta haifo ƙanin biri, na ce wasan taubasai ne. Sai ga shi an ce har a ƙasa ka rubuta, a gaban maza. Jiya kuma an ce ka sake tabbatarwa. To ni tsohuwa me na sani? Ku ne masu ilimin."

"Hajiya, surutu ne na yi. Son a ce na sani ne ya sa. Wallahi tallahi ba a taɓa samun haihuwa tsakanin mutum da biri ba, ko sau ɗaya, a duk faɗin duniya. Na ɗauki abin da babu shi na yi masa lissafi don a kalle ni."

"To lambar fa?"

Ya duba bayanta. "Kin ga in za a yi wa amarya jere, gidan uwa a kawo kwanuka, gidan uba a kawo, kowane da abokinsa? Haka ake haɗa ɗan Adam. Ashirin da uku daga Gali, ashirin da uku daga Luba. Ita Ikram, wajen haɗa kayan ne aka zuba kwano ɗaya sau biyu. Ba daga waje ya shigo ba, kayan gida ne. Ana haifar irinta a kowace ƙasa, har inda ba su taɓa ganin biri ba. Za ta yi jinkirin zama da tafiya da magana, amma jininku ce, ba gauraye."

Hajiya Uwani ta juya ta dubi kwanukan. Can ta ce, "Muna yara, a gidanmu na Ƙofar Kabuga, an yi wani Mailafiya, ɗan ƙanin babanmu. Haka idonsa yake. Shi ke riƙe wa kakanmu buta. Ba a taɓa cewa komai a kan uwarsa ba. Lokacin ba mu da masu lissafi."

Ya sunkuyar da kai ya karɓa.

"To in tambaye ka," ta ce. "Kwanon da aka zuba sau biyu, daga wane gida ya fito? Na ɗana ko nata?"

Ya san amsar littafi, har shafin yana gani. Mafi yawan lokuta daga wajen uwa ne, kuma abin yana ƙaruwa idan shekarun mace sun ja kafin ta haihu. Amsar ta taso masa har maƙogwaro, a shirye, da misalanta. Ya kuma ga inda za ta sauka: an wanke Luba daga biri, an miƙa ta ga wani zargin da ba mai wanke ta, a bakin matan gidan kitso, har ƙarshen rayuwarta a gidan nan.

"Hajiya, a kan yarinyar nan, wannan sai Allah."

Ta zuba masa ido. Tsohuwar ba ta yi boko ba, amma ta aurar da 'ya'ya ta kuma binne miji, ta san fuskar mai haɗiye magana. Bai ƙara ko kalma ba.

"To," ta ce daga ƙarshe, ta ɗauki carbinta. "Allah ne ya ba mu, mun karɓa. Amma ba ni ka fara gaya wa ba, maza ka gaya wa. Ka koma ka kwashe abinka a inda ka zubar. In na ji ka yi, gobe zan aika."

A ƙofar masallaci ya yi, bayan la'asar, mutane suna neman takalma. Bai yi bayanin kuromosom ba, bai kawo doki da jaki ba. Ya ce maganar da ya yi a shagon Gwadabe ƙarya ce, bai san abin da yake faɗa ba, ya zalunci 'yar uwarsa da jaririyar da ba ta san komai ba, duk wanda ya ƙara yaɗawa shi da Allah. Wasu suka ce Allah ya yafe mana. Wasu suka sa takalmansu suka tafi da abin da suka riga suka yarda da shi, ya gani a fuskokinsu, kuma ya san wannan ba zai taɓa kwasuwa duka ba. Gwadabe ya zo ya kama hannunsa da hannu biyu, sannan ya saki.

Kafin magariba ya isa gidan kawunsa. Inna 'Yardada ta ji saƙon ta ɗaga hannu sama tana hamdala, ta fita gaya wa maƙwabta su shirya rakiya. Ya rage shi da Luba. Ikram tana barci a kan katifa, bakinta a ɗan buɗe.

"Gobe za su aiko," ya ce.

"Na ji. Allah ya saka."

"Luba, ki yafe mini."

Ta jawo kwandon wanki ta fara ninke 'yan rigunan jaririyar. Sai da ta ninke uku ko huɗu sannan ta yi magana, idonta a kan hannunta.

"Ranar da muka koma asibiti Gali ya fita sayen magani, na tambayi likita ni kaɗai. Na ce daga wa abin ya fito. Ya yi ta kewaye-kewaye, na ce ya faɗa mini, ni ba yarinya ba ce. Ya ce galibi daga uwa ne, balle wadda ta daɗe ba ta haihu ba." Ta ɗago. "Ka san wannan?"

"Na sani."

"Hajiya ta tambaye ka? Na san halinta, sai ta tambaya."

"Ta tambaya."

"Me ka ce?"

"Na ce sai Allah."

Luba ta dube shi sosai, karo na farko tun ranar suna. Idanunta sun kawo ruwa amma ba ta bari ya zubo ba.

"Ashe ka iya shiru," ta ce.

Ya zauna yana jiran ta ƙara da zagi, ko da guda ɗaya, don maganar ta zama wasa. Ba ta ƙara ba. Ta ci gaba da ninke kayan tana jerawa a cikin kwalla, shi kuma yana zaune a kan tabarmar baƙi har aka kira salla.